Maɓallan sitiyarin jirgina na kwamfuta suna ɗaukewa in na ja shi

“Assalamu alaikum Malam. Daga Pantami nake a Gombe. Na sayi sitiyarin koyon tuƙin jirgi na hannu, irin mai sandar ƙarfe da akwatin totur daban, ina gwaji da shi a wasan kwamfuta na Microsoft Flight Simulator kafin Allah Ya nufe ni da zuwa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Matsala uku yake ba ni. In na jawo shi don ɗaga hancin jirgi sai maɓallan hannun hagu su ɗauke, in na sake su dawo. Maɓallin tirim kuma, mai daidaita hancin jirgi, sai na danne shi da ƙarfi kafin ya amsa. Sannan jirgin yana ɗan rawa hagu da dama ko ban taɓa komai ba. Na kai wa mai gyaran wayar hannu, ya liƙa wata waya a ciki ya naɗe da tef, bai yi mako ba ya koma gidan jiya. In sake kai masa ne, ko in haƙura in nemi wani?”

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya cika buri. Kada ka haƙura da shi tukuna. Abin da ka bayyana cututtuka uku ne daban-daban da suka haɗu a jiki ɗaya: waya da ta karye a cikin robarta, makunni da ya ci ƙura ko ya gaji, da na'urar auna juyi da take ba da labari mai rawa. Kowanne da hanyar gane shi, kuma kayan gyaran duka ukun ba su kai ko kusa da kuɗin wani sitiyarin ba. Na farkon shi ne babba, a kansa zan fi tsayawa, domin a nan ne gyaran da aka yi maka ya faɗi.

Yadda cikinsa yake

Yawancin waɗanda ke shigowa hannunmu a nan ƙirar Saitek ne, wanda Logitech ya saye a 2016 ya ci gaba da fitar da shi da sunan Logitech. Bayanin da ka yi na sandar ƙarfe da totur daban ya yi kama da shi. Babban fanel, wato allon lantarkinsa, yana cikin akwatin da ake ɗaurewa a tebur. Maɓallai kuwa suna can a hannun da kake riƙewa, a kan ƙananan fanel. Abin da ke haɗa su damin siraran wayoyi ne da suka bi ta cikin ramin sandar suka fito ta bayanta. Duk sanda ka ja, ka tura, ko ka juya, damin nan yana lanƙwashewa. Juyin kansa kuma wasu na'urori biyu ne ke auna shi, irin boliyom ɗin rediyo masu ƙafa uku: ɗaya na karkata hagu da dama, ɗaya na ɗaga hanci da sauke shi. Ƙirar Honeycomb Alpha ta kauce wa lanƙwasar damin nan ta hanyar fito da wayar waje, da fulogi irin na wayar intanet, don haka mai irinta ya fara da sauya wannan guntuwar wayar kafin ya kwance komai.

Kafin ka ɗauki sukundireba, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka buɗe shafin gwajin sitiyarin. Za ka ga kowane maɓalli yana kama wuta in an danna, da ɗan gicciye mai nuna inda sitiyari yake. Danne ɗaya daga maɓallan hagu kada ka saki, sannan ka ja sandar a hankali. Lura da daidai inda wutar ta mutu. Maimaita da juyi hagu da dama. In kullum a wuri ɗaya take mutuwa, magana ta ƙare: waya ce, ba manhaja ba, ba kuma maɓallin ba. Rubuta waɗanda suke mutuwa tare. Ba kowane maɓalli ke da wayarsa ta kansa ba, ana haɗa su rukuni-rukuni a kan waya ɗaya, shi ya sa karyewar silili guda take kashe maɓalli uku ko huɗu lokaci ɗaya, mutum ya ɗauka fanel ne ya ƙone.

Dalilin da liƙin farko bai riƙe ba

Ka san yadda cajar waya take mutuwa a wuya, roba lafiya lau amma sai an karkata ta kafin ta kawo wuta. Haka abin yake a nan. Tagullar ciki zare-zare ce, lanƙwasa tana tsinka su ɗaya bayan ɗaya, robar waje tana riƙe da bakunan biyu suna taɓa juna. In ka ja sanda sai su rabu.

Mai gyaranka ya gano wurin, wannan kam ya yi ƙoƙari. Kuskuren shi ne ya liƙa a daidai inda wayar take motsi. Narkakkiyar dalma tana shiga tsakanin zaren tagulla ta sandarar da su tsawon milimita kaɗan kowane gefe. Wurin da ya kamata ya lanƙwashe ya zama ƙarfe, sai duk wahalar ta koma bakin inda dalmar ta tsaya, nan ya sake karyewa cikin kwanaki. Aikin wayar hannu bai saba da wannan ba, don a can babu abin da ke motsi. Tef kuma a zafin Maris da Afrilu gam ɗinsa narkewa yake yi, ya warware ya bar danƙo mai kama ƙura. Saboda haka ƙa'idar da za ka riƙe, ko kai za ka yi ko wani za ka ba: ba a barin mahaɗi a wurin lanƙwasa. Ana sauya wayar gaba ɗaya daga kai zuwa kai, mahaɗan su faɗa inda ba motsi.

Kwancewa da neman wayar da ta karye

Zare USB daga kwamfuta, ka zare fulogin totur. In lokacin hunturu ne, taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka kai hannu kan fanel, don bushewar iska tana tara wa jiki wutar da za ta iya kashe ƙaramin cif, wato ƙwaƙwalwar fanel ɗin, ba tare da ka ji komai ba. Kife akwatin ka kwance sukurorin ƙasa, ka duba ƙarƙashin robobin ƙafa da sitika ko akwai ɓoyayyu. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, ka jera su a kan takarda yadda ka cire su. Dogon sukuru a gurbin gajere yana huda murfi. Ɗaga murfin sannu, akwai sifirin da ke ɗaure a ciki. Sannan ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare kafin ka taɓa waya ko ɗaya. Launin wayoyi yana bambanta daga fitowa zuwa fitowa, hotonka ya fi duk wani zane da za ka samo a intanet.

Ja sandar da hannu kana kallon damin wayoyin. Wuri biyu ake fara zargi: bakin ramin da suke fitowa daga sanda, da inda aka ɗaure su kusa da fanel. Kama kowace waya da yatsu biyu ka ɗan ja ta. Mai lafiya ba ta miƙewa. Wadda ta karye a ciki za ka ji tana biyo ka kamar zallar roba, wurin ya sirance launinsa ya koɗe.

Don tabbatarwa, cire fulogin damin daga fanel, ka sa mitar auna wuta a wurin da take yin ƙara in bakunanta sun haɗu. Baki ɗaya a kan fil ɗin fulogi, ɗayan a inda wayar ta sauka a fanel ɗin hannu. In bakin mitar ya yi kauri, ɗaura masa allurar ɗinki. Abin da ake yawan mantawa shi ne a motsa sandar yayin da ake aunawa. Waya mai irin wannan karaya tana yin ƙara lafiya lau in tana zaune, sai an ja take tona kanta. Samu wani ya riƙa ja yana juyawa kai kana riƙe da mita. Bi su duka, kada ka tsaya a ta farko da ka samu. A abin da nake gani a teburin aiki, in ɗaya ta tsinke to maƙwabtanta sun yi rabi, kuma ni shawarata a sauya damin gaba ɗaya a zama guda maimakon a riƙa kwance akwati duk bayan wata biyu, ramukan sukuru na roba suna cinyewa.

Wace waya, kuma yaya

Nemi mai zare da yawa, lamba 28 ko 30 a ma'aunin kaurin waya na AWG, in da hali mai rigar silikon don ta fi laushi. In ba a samu a Gombe ba, ana samu a Sabon Gari ta Kano ko a yi oda. Amma ba sai ka jira ba: fasa tsohuwar wayar linzamin kwamfuta, ko ta firinta, ko ta VGA, cikinsu akwai sirara masu zare da launuka daban-daban, kuma suna aiki. Wadda ba a so ita ce mai tagulla ɗaya tilo, irin ta cikin doguwar wayar intanet da ake bi da ita ta bango. Wannan ba ta jure lanƙwasa ko kaɗan. Ta abin sauraron kunne tana da laushi sosai, sai dai fentin da ke jikin zarenta yana hana dalma kamawa, ba na ba wanda bai saba ba shawarar ta.

Ɗaya bayan ɗaya ake yi, don kada a rikice. Cire tsohuwar daga fanel ɗin hannu, liƙa bakin sabuwar a jikinta, ka jawo tsohuwar ta ɗaya gefen ta shigo maka da sabuwar cikin sanda. A gefen fulogi kada ka yi ƙoƙarin zare fil ɗin, sai da kayan matsa na musamman ake mayar da shi. Yanke tsohuwar ka bar wutsiya santimita 3 zuwa 4, ka haɗa a nan. Fere milimita 3 kowane baki, shafa wa kowanne dalma, zura bututun roba mai tsukewa da zafi na milimita 1.5 ko 2 kafin ka haɗa, sannan ka liƙa ka tsuke shi. Kada mahaɗan su jeru wuri ɗaya, ka saɓa su da kamar santimita ɗaya ɗaya, don kada su yi ƙulli kuma kada su goga juna.

Tsawo shi ne sirrin aikin. Jawo sandar iyakarta, juya ta iyakarta, a wannan halin wayar ta kasance da rarar santimita 3 zuwa 4. Tura ta ciki iyaka kuma ka tabbata rarar ba ta faɗa cikin haƙoran giya ko sifirin ba. Ana so damin ya yi lanƙwasa mai faɗi, ba kwana mai kaifi ba. Shafa yatsa a bakin ramin sandar, in akwai kaifi ka goge da sanfefa, ka sa wa damin riga ta bututun roba a wurin, amma kada ka tsuke ta har ta sandare. Daga nan ka ɗaure damin da maɗaurin roba ko ɗigon gam na kyandir kafin ya kai ga mahaɗan, yadda duk jan da za a yi a kan maɗaurin zai tsaya.

Ayon liƙa dalma mai wat 25 zuwa 40 da siririn baki ya isa. In mai saiti ne, digiri 320 zuwa 350. Dalma mai 60/40 ko 63/37, kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8, mai man liƙi a cikinta. Daƙiƙa biyu zuwa uku a kan fanel, in bai kama ba ka ɗaga ya huce ka sake, don zafi mai yawa yana ɗaye tagullar fanel. Ayon mai araha a soket marar waya ta ƙasa yana iya ɗigar da wuta ta bakinsa, musamman a kan janareto, don haka in ya yi zafi zare shi daga soket ka yi liƙin ka mayar. Yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu bayan ka gama, kuma kada guntayen dalma su zube inda yara ke rarrafe, gubar cikinta ba abin wasa ba ce.

Maɓallin tirim

Ƙarƙashin robar da kake dannawa akwai ƙananan makunnai biyu masu ƙafa huɗu, galibi milimita 6 da 6, irin na gaban tsohuwar DVD ko dikoda. Sa mita a ma'aunin om, wato mai auna turjiyar wuta, ka haɗa bakunanta da juna ka ga abin da take nunawa, yawanci ƙasa da om ɗaya. Sannan ka auna ƙafafu biyu da suke kusurwa da kusurwa kana dannawa. Mai lafiya zai ba ka kusan wancan adadin. Wanda ya gaji zai nuna om goma-goma ko ɗari-ɗari yana hawa yana sauka, sai ka matsa sosai ya faɗo. Ɗiga masa sifirit na isofurofil, ka danna shi sau talatin zuwa hamsin, ka bari ya bushe. In ya gyaru to ƙura ce da gumin hannu. In ya dawo bayan kwana biyu, farantin cikinsa ya gaji, sauya shi. Auna tsayin kansa kafin ka saya, don akwai na milimita 4.3, da 5, da 7 har sama, kuma bambancin rabin milimita yana sa maɓalli ya danne kansa ko ya ƙi kaiwa. Wajen cirewa, datse ƙafafun da filaya ka fitar da su ɗai-ɗai, ya fi sauƙi ga fanel. Duba kuma liƙin ƙafafun da madubin ƙara girma: in ka ga siririn zobe ya tsage kewaye da ƙafa, sabuwar dalma kaɗai yake so.

Rawar da jirgin ke yi

Nan kada ka yi saurin zargin boliyom. Koma joy.cpl ka duba wa ke rawa. In gicciyen da sandunan totur duk suna karkarwa tare, matsalar ta wuta ce da suke tarayya a kanta. Zare cajar laftof ka bar ta a kan batir. In rawar ta tsaya, to caja ce ko inbata ko rashin waya ta ƙasa a gidan, kuma wannan ya zama ruwan dare a gidajenmu. Sauya ramin USB, ka cire duk abin da ka jona a ramukan da ke jikin sitiyarin, don ramin USB 2.0 miliamfa 500 kawai yake bayarwa. Duba fulogin totur ɗin ma ko fil ya lanƙwashe. Yana kama da na tsohon kibod, amma ba a jona shi a kwamfuta, kuma ba a sa shi ko cire shi USB yana jone.

In kuwa hagu da dama ne kaɗai ke rawa, sai a je kan boliyom ɗinsa. Yi wa giyar alama da maka a inda haƙora suka haɗu sitiyari yana tsakiya, kafin ka taɓa. Cire fuloginsa ka auna ƙafafun gefe biyu, adadin ya tsaya cik kusa da abin da aka rubuta a jikinsa. Sai ka auna ta tsakiya da ta gefe kana juyawa a hankali. Ya kamata ya hau sumul. Tsohuwar mita mai allura ta masu gyaran rediyo ta fi nuna wannan, za ka ga allurar tana zabura a inda ya cinye. Kusan kullum a tsakiya ne, tunda a nan sitiyari yake yini. Fesa masa maganin wanke makunni ta ɗan ramin jikinsa, kaɗan, ka juya shi sau da yawa. Ban da WD-40 na gama-gari, ban da fetur, ban da man keken ɗinki. Suna sa ya yi kyau yau, gobe ƙurar hunturu ta mayar da shi taɓo.

Sauya shi yana da tarko. Sai mai harafin B, misali B10K in haka aka rubuta a naka, domin mai harafin A na sauti ne, hawansa ba daidai ba ne. Sannan na kasuwa yana cika ma'auninsa ne a juyin digiri kusan 270 zuwa 300, alhali na irin waɗannan na'urori sau da yawa gajeren zango gare su. Kana iya sa wanda ya yi daidai a om amma sitiyari ya ƙi kaiwa ƙarshe. In bayan haɗawa hagu ya zama dama, musanya wayoyin ƙafafun gefe biyu. Kafin ka samu wanda ya dace, ƙara wa tsakiyar matacciyar tazara, wato inda wasan ba ya kula da ƙaramin motsi, ta kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari a saitin wasan, za ta ɓoye rawar. Masu son maganin dindindin suna sa na'urar maganaɗisu irin SS49E a gurbinsa, tunda ba ta gogar komai balle ta cinye, amma tana son a ƙera mata mazauni a daidaita tazarar maganaɗisu, aikin wanda hannunsa ya faɗa ne.

Kafin ka rufe, goge sandar tas ka shafa mata giris na silikon siriri. Jona USB akwatin yana buɗe, ka sake gwajin farko: danne maɓalli, ja, tura, juya, sau ashirin ko fiye, idonka a kan damin wayoyi. Wajen mayar da sukuru, fara juya shi baya har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka ɗaure, kada ka matse. Mayar da saitin sitiyarin da ke joy.cpl yadda ya zo, ka sake duba saitin cikin wasan, kuma ka samo masa mayafi.

Daga nesa nake ba ka amsa, a kan alamomin da ka faɗa. In ka buɗe ka tarar wayoyi duk lafiya ko ana ja, ko kwamfuta ta daina ganin sitiyarin gaba ɗaya bayan ka tabbatar da wayar USB ɗin (ja 5V, baƙa ƙasa, fara da koriya na saƙo), to ciwon ya kai cif, kuma wannan dalma ba ta gyara shi. Ko a nan ƙarfen da robar ba su mutu ba. Ana cire fanel ɗin a sa wani ƙaramin fanel irin Arduino Pro Micro ko Leonardo, masu cif ATmega32U4 da kwamfuta ke iya gani a matsayin na'urar wasa, ko BU0836A wanda ke ɗaukar boliyom 8 da maɓalli 32 ba tare da an rubuta masa manhaja ba. Abin da za ka rasa shi ne ɗan agogon da ke gaban sitiyarin.

In ba ka son taɓa ayon da kanka, nemi dattijon mai gyaran rediyo da talabijin, sun fi sanin boliyom da makunni. Tafi da wayar da bututun robar a hannunka, ka zauna a yi a gabanka, ka ce masa: “Baba, duka damin za a sauya, mahaɗin ya zo nan kusa da fulogi, kuma a bar rara.”